Yadda zaka ziyarci gidan tarihin Cernuschi a Faris, ka fito ka san abinda ka gani

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk baƙon da ya zo mana Faris daga gida, daga Yamai ne ko Damagaram ko Kano, abu na farko da yake cewa a kai shi hasumiyar Eiffel yayi hoto, daga nan sai babban gidan tarihin Louvre ya bi layi awa guda ya fito ƙafa na ciwo bai riƙe komai a kai ba. Ni kuma in aka bani zaɓi akwai wani ɗan gida a unguwa ta 8 da nake fara kai mutum, sunansa Musée Cernuschi, gidan adana kayan tarihin ƙasashen gabashin Asiya ne, wato Sin da Japan da Koriya da Biyetnam, mallakin hukumar birnin Faris, kuma shiga kyauta ne. To ga yadda zaka je da yadda zaka kalli kayan, dan wallahi kallon ma sai an koya.

Fara da ranar zuwa dan nan mutane suke yin asarar kuɗin mota. Ranar Litinin a rufe yake. Talata zuwa Lahadi suna buɗewa ƙarfe 10 na safe su rufe 6 na yamma, kuma kar ka zo dab da tashi dan tun kafin shidan suke fara sallamar mutane daga ɗakuna. Ranar 1 ga Janairu da 1 ga Mayu da 25 ga Disamba ma ba a buɗewa. Akwai wani babban gidan kayan Asiya na gwamnatin Faransa mai suna Guimet a wajen Iéna, shi ranar Talata yake rufewa kuma shi ana biya, mutane suna yawan haɗa su biyun su rikice, toh ka riƙe: Cernuschi Litinin, Guimet Talata. A Cernuschi kayan da suke zaune dindindin su ne kyauta, amma in sun kawo baje koli na musamman na 'yan watanni shi sai ka yanki tikiti, ba dole bane kuma, in zuwanka na farko ne ma ni shawarata ka bar shi sai wani karon.

Adireshin shine lamba 7, avenue Vélasquez. Metiro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, layi na 2 zaka hau ka sauka Villiers ko Monceau, ko layi na 3 shima yana tsayawa Villiers. In kana wajen Barbès ko Château Rouge inda mutanenmu suka fi sauka abin ma a bagas ne, ka shiga layi na 2 a Barbès-Rochechouart wanda ya nufi Porte Dauphine, ka ƙirga Anvers, Pigalle, Blanche, Place de Clichy, Rome, ta shida itace Villiers. In daga Gare du Nord kake akwai doguwar hanya ta ciki da zata kai ka tashar La Chapelle, itama layi na 2 ce. Da ka fito Villiers ka nemi boulevard Malesherbes, tafiyar 'yan mintuna ce zakaga wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe mai ruwan zinare, ka shige ta, ɗan gajeren titi ne mai shiru wanda ƙarshensa lambun Monceau ne, gidan yana nan kafin ka kai lambun. Kar ka tsaya neman wani makeken gini, gidan mutum ne, kuma asali ma abinda yake kenan.

Kar ka ɗauko akwati ko babbar jaka, ana duba jaka a ƙofa kamar ko ina a Faris. Ka yi cajin waya sosai, ana barin ɗaukar hoto amma banda filasha, kuma in Faransanci bai zauna maka ba ka buɗe kyamarar Google Translate ka ɗora akan 'yar takardar bayanin da ke gefen kowane kaya. Sallah kuma ka tsara lokacinka tun daga masauki, ni nafi son zuwa da hantsi in fito kafin azahar, lokacin ma babu cunkoso.

Yanzu kafin ka hau bene bari in baka labarin mai gidan, dan in baka san shi ba kayan zasu zame maka tarin tukwane kawai. Sunansa Enrico Cernuschi, Faransawa suna ce masa Henri. Ba Bafaranshe bane a haihuwa, a Milan ta Italiya aka haife shi a 1821, yana saurayi ya shiga boren da mutanen Milan suka yi wa mulkin Ostiriya a 1848, ya kuma shiga majalisar jamhuriyar da aka kafa a Roma a 1849, da ta faɗi aka kama shi daga baya ya samu kansa a Faransa yana gudun hijira. Anan ya shiga harkar banki yayi kuɗi na ban mamaki, yana cikin waɗanda suka kafa Banque de Paris wanda daga baya ya zama Paribas. A 1871 aka yi wani mummunan rikici a Faris da ake kira Commune, aka harbe amininsa Gustave Chaudey, abin ya girgiza shi sosai sai kawai ya tattara ya bar garin shi da wani abokinsa masanin zane mai suna Théodore Duret, suka bi ta Amurka suka tsallaka teku zuwa Japan, daga nan Sin, Jaba, Silon da yanzu ake kira Siri Lanka, da Indiya, basu dawo ba sai farkon 1873. Kayan da ya dawo dasu sun kai wajen 5,000, da yawansu na tagulla. Ya baje su a wani babban zaure a Faris a wannan shekarar mutane suka yi ta tururuwa, sannan ya sa aka gina masa wannan gidan ya zauna a ciki shi da kayansa. Ya rasu a 1896 ya bar wasiyyar gidan da duk abinda ke ciki ga birnin Faris, aka buɗe wa jama'a a 1898. Yau kayan sun kusa 15,000 dan bayansa an yi ta saye wasu kuma suka yi ta kawo nasu kyauta.

Wannan wasiyyar ita ce abinda yafi taɓa ni a duk lamarin. Mu a wajenmu mun san waƙafi, mutum ya gina masallaci ko makaranta ko ya haƙa rijiya ya bar wa jama'a, amma ban cika ganin attajirinmu ya tara tsofaffin littattafai ko takubba ko rigunan saƙi ya damƙa wa garinsu da sharaɗin a buɗe wa kowa ba, galibi ana rasuwa magada su raba, cikin shekara goma babu ko ɗaya. Shi wannan mutumin sama da shekara 120 kenan da aka buɗe gidansa ga jama'a, yau ma yaro ɗan makaranta yana shiga ba ko sisi.

Toh ka hau matakala. An jera kayan ne bisa zamani, daga mafi tsufa zuwa na yanzu, saboda haka ka bi yadda aka tsara kar ka yi ta tsalle. Amma ga babbar dabarar da nake so ka ɗauka: kar ka ce sai ka kalli komai. Ka zaɓi abu huɗu ko biyar ka basu lokacinka, sauran ka wuce su da kallo ɗaya. Wanda ya tsaya minti goma gaban tukunya ɗaya yafi wanda ya ɗau hoto ɗari biyu ƙaruwa, na gwada duka biyun.

Na farko da zaka ba lokaci su ne tagullan daular Shang da Zhou na ƙasar Sin, wasunsu sun haura shekara 3,000. Tagulla haɗin jan ƙarfe ne da kuza, kuma korenta da zaka gani ba fenti bane, tsatsar da ta yi ce a cikin ƙasa, lokacin da aka ƙera su ƙyalli suke kamar zinare. Ba tukwanen girkin gida bane, na hidimar kakanni ne, sarakuna da manyan gida suke zuba abinci da abin sha a ciki suna miƙa wa magabatansu, in mai su ya mutu a binne shi dasu. Zakaga mai ƙafa uku kamar tukunya a kan murhu, ana ce mata ding, ita ta nama ce. Ga yadda zaka kalle su: ka matsa kusa ka nemi idanu biyu da suka ɗan bullutso a jikin tukunyar, da ka same su sai kaga hanci a tsakiya, ƙaho a sama, wani lokacin haƙora, fuskar wata dabba ce da ake kira taotie, kuma da zarar idonka ya gane ta sau ɗaya zaka dinga ganinta a kusan kowace tukunya a ɗakin. Bayan fuskar kuma akwai ƙananan zane masu murɗewa da suka cike ko ina.

Sai ka tambayi kanka yaya aka yi wannan aikin. Maƙeran Ife da Binin da kakin zuma suke siffanta abu su lulluɓe da yumɓu su narkar da kakin su zuba ƙarfe. Mutanen Shang ba haka suka yi ba, su siffar suke yi da yumɓu, su manna wani yumɓun a kai su yanka shi gida-gida su cire, su gyara zanen a cikin kowane gida, su sake haɗawa da wani dunƙule a tsakiya su bar ɗan tsakani, sai a zuba narkakkiyar tagulla ta cike tsakanin. In ka taɓa tsayawa wajen masu zubin tukunyar dalma a kasuwa kaga yadda suke haɗa akwatin ƙasa biyu su zuba, toh zaka gane abin da wuri. Ka duba gefen tukwanen da kyau wani lokacin zakaga ɗan siririn layi inda gidajen suka haɗu.

A cikin tagullan nan akwai ɗaya da ba zan yafe maka ba in ka wuce ta. Faransawa suna ce mata La Tigresse, wato damisa, irin mai ratsi-ratsin nan ta Asiya. Ba ta da girma, bata kai kamu ɗaya ba, buta ce mai murfi da mariƙi ta wajen ƙarni na 11 kafin haihuwar Annabi Isa, daga yankin Hunan a kudancin Sin, gidan ya saye ta a 1920 bayan rasuwar mai gidan. Damisar tana zaune akan ƙafafunta na baya da wutsiya, ta rungume wani ɗan mutum a ƙirjinta, kansa na dab da cikin bakinta da ke buɗe. Kallon farko zaka ce cinye shi zata yi. Toh ka zagaya ka kalli fuskar mutumin, babu tsoro a ciki, hannunsa na kan jikinta ƙafafunsa na kan nata kamar yaro ya ɗafe uwarsa, shi yasa har yau masana basu daidaita ba, wasu sun ce cin sa take wasu sun ce kare shi take ko kakar zuriyarsu ce. Ka zagaye ta ta ko ina dan duk jikinta zanen wasu dabbobin ne, macizai da sauransu, har kan murfin akwai wata 'yar dabba a tsaye. Tana da 'yar uwa guda mai kama da ita a Kyoto ta Japan cikin tarin iyalan Sumitomo. Ni duk zuwan da na yi anan nake daɗewa.

Daga nan zaka shigo zamanin daular Han ta Sin, daga 206 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 220 bayanta, har zuwa Tang, 618 zuwa 907. Anan kayan yumɓu ne suka fi yawa, ana ce musu mingqi, ƙananan siffofi da ake binne mamaci dasu dan a ganinsu zai buƙaci abinda ya saba dashi: gidaje, rumbuna, rijiya, dawaki, barori, masu gadi. Amfanin su a gare ka shine sun nuna maka rayuwar yau da kullum wadda ba a rubuta a littafi ba, irin suturar mata, gyaran gashi, sirdi da linzami. Ka nemi 'yan matan nan makaɗa da ke kan dawaki na zamanin Tang kowacce da abin kiɗanta, ka tsaya ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi raƙuma masu tozo biyu da fatake masu gemu da dogon hanci, waɗannan ba 'yan Sin bane, baƙi ne daga tsakiyar Asiya da suke bin hanyar alharini da kaya, duk wanda ya san ayarin Azbinawa masu kawo gishirin Bilma zai ji abin a jikinsa. Wasu an shafe su da ruwan ƙyalli kala uku, kore da ruwan zuma da fari, yana gangarowa kamar ya zuba, da gangan ake barinsa haka. Akwai kuma fuskokin ƙarfe masu ruwan zinare na daular Liao da ake rufa wa gawar manya. Tangaran na zamanin Song kuwa babu hayaniyar zane, kala ɗaya ne mai sanyi, in ka gaji ka wuce su amma in kana da sauran ƙarfi ka kalli bakin kwano ɗaya kaga siririnsa.

Sai babban ɗaki. Ba sai an nuna maka ba, kana shiga zaka ɗaga kai. Mutum-mutumin Buda ne na tagulla wanda ake kira Amida, yana zaune akan furen bado da zobe a bayan kansa, tsayinsa ya haura mita 4, an zuba shi a ƙarni na 18, daga wani wurin bauta mai suna Banryuji a unguwar Meguro ta Tokyo. Saboda shi aka yi ɗakin da wannan tsayin, wato gidan ne aka gina a kan gunkin ba gunkin aka nemo wa gida ba. Nasan wani zai ce malam ni musulmi me zai kai ni kallon gumaka, tambaya ce mai kyau kuma ba zan raina ta ba. Wajen ba wurin bauta bane, babu mai sujada babu mai ƙona turare, ni ina zuwa ne in ga aikin hannun mutane da yadda al'ummomin da suka gabata suka rayu, in kuma zuciyarka bata natsu ba ka tambayi malaminka kafin ka je, ko ka tsaya a tukwane da tangaran da zane, suma sun ishe ka yini.

Amma in ka tsaya gabansa ya kamata ka san yadda ya zo nan. A 1868 mulki ya canza a Japan, sabuwar gwamnatin Meiji ta raba addinin Shinto da na Buda, wuraren bautar Buda da yawa suka rasa masu ɗaukar nauyinsu, wasu aka rushe wasu suka koma sayar da kayansu da arha, a daidai wannan lokacin Cernuschi ya sauka da kuɗi a hannu, shi yasa ya iya tara tagulla masu yawa haka cikin ɗan lokaci. Shi kansa Duret ya rubuta cewa bayan sun saye gunkin sun sa an kwance shi gunduwa-gunduwa, mutanen unguwar suka biyo su da kuɗin suna roƙon a mayar musu, aka ƙi. Wannan ɓangaren yana min ciwo gaskiya, dan mu da aka kwashe kayan Binin a 1897 mun san yadda abin yake, duk da nan saye aka yi ba yaƙi ba. Mutumin yayi kyautar da ta amfani jama'a, kuma ya ɗauke wa wasu talakawa abinda suke so suna kallo, duka biyun gaskiya ne kuma ina so ka shiga ɗakin da duka biyun a ranka. Ka samu waje ka zauna, in ka hau ɗan benen da ke sama kuma zaka kalli fuskar daga kusa.

Kayan Biyetnam da Koriya basu kai na Sin yawa ba amma kar ka raina su, da yawa daga na Biyetnam wani masani ɗan Suwidin mai suna Olov Janse ne ya haƙo su a yankin Thanh Hoa a shekarun 1930. Daga ƙarshe akwai zanen tawada akan takarda da alharini, an fara tara na zamani sosai ne bayan wani ɗan Sin mai suna Guo Youshou ya bada nasa kyauta a 1953, ciki harda aikin manyan masu zane irin su Zhang Daqian da Qi Baishi. Su ba a barinsu a bango kullum dan haske yana cinye su, ana canza su lokaci-lokaci, saboda haka abinda wani ya gani bara ba lallai kai ka same shi ba. In kana da hannu a rubutun allo ko zayyana ka kula da yadda layi ɗaya yake farawa da kauri ya ƙare siriri ba tare da an ɗaga alƙalami ba, kuma jajayen tambarin da ke gefe hatimin mai zanen ne ko na waɗanda suka taɓa mallakarsa.

In da yara zaka je ka basu aiki tun daga ƙofa, ka ce kowa ya ƙirga dabbobin da ya samu a jikin tagulla, zakaga sun nutsu, ka dai ja musu kunne akan taɓa kaya da jingina da gilashi. Wanda kuma yake gida bai da halin zuwa, Paris Musées, wato hukumar da ke riƙe da gidajen tarihin birnin guda 14, ta saka hotunan kaya sama da 100,000 a intanet kyauta tun 2020, ka shiga shafinsu ka rubuta Cernuschi ko Tigresse ka buɗe hoton ka ƙara girmansa, data kaɗan zai ci.

Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. In ka fito kar ka koma metiro kai tsaye, ka ƙarasa ƙarshen titin ka shiga lambun Monceau ka samu benci, ka buɗe hotunan da ka ɗauka ka rubuta sunan kowanne da zamaninsa tun kana tunawa, dan in ka bari sai dare Shang da Tang zasu cakuɗe maka. Tashar Monceau tana bakin lambun ta wajen wani ɗan zagayayyen gini mai ginshiƙai, in Barbès zaka koma ka hau wanda ya nufi Nation.